Rina hoton baƙi-da-fari da ruwan shayi: me ke kawo dabbare-dabbare?

Tambaya: Ina wanke hotunan baƙi-da-fari a ɗakin duhu. Na tsoma wasu cikin ruwan shayi don su yi launin tsofaffin hotuna, sai suka fito da dabbare-dabbare, bakin takardar ya fi tsakiya duhu, wani ma har da baƙaƙen ɗigo. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, shayi ba ya taɓa azurfar da ta fitar da hoton. Sinadarin tanin da ke cikinsa, irin wanda majema ke samu a bagaruwa, takardar yake rinawa da jelatin ɗin da ke samanta. Farin hoton ne ke komawa ruwan ƙasa, baƙin yana nan yadda yake. Don haka zaɓi hoto mai fari tas da baƙi ƙirin, in ba haka ba zai fito dishi-dishi.

A tafasa lita 1 ta ruwa, a sa jakar baƙin shayi 6 zuwa 8, irin su Lipton, a bar shi ya jiƙa minti 15. Koren shayi launinsa bai kai haka ba, rawaya-rawaya yake bayarwa. A tace da kyalle mai tsabta, a bari ya huce zuwa digiri 20 na ma'aunin Celsius, domin ruwan zafi yana narkar da jelatin.

Dabbare-dabbaren nan galibi daga busasshen hoto ne. Jiƙa shi cikin ruwa zalla minti 5 tukuna, sannan ka zura shi cikin shayin gaba ɗaya, fuskarsa sama, kana girgiza tiren ba tsayawa. Duk inda kumfa ta kwanta ko yatsa mai maiƙo ya taɓa, rini ba zai kama ba. Haka ma in ba a wanke fiksa, wato ruwan maganin da ke tabbatar da hoton, ya fita sarai ba. Takardar faiba, wato wadda ba ta da rufin leda, tana son wankin awa 1 a ruwa mai gudana kafin a sa ta a shayi. Duba hoton da ke cikin shayin kowane minti 2, ka cire tun bai kai yadda kake so ba, don yana ƙara duhu in ya bushe. Sai ɗauraya ta minti 10.

Duhun bakin takarda kuwa alamar takardar RC ce. Leda ta rufe ta ciki da baya, sai shayin ya tsotsu ta wurin yanka. Bar farin gefe mai faɗi, ka datse shi bayan ya bushe.

Baƙaƙen ɗigon su ne abin dubawa da kyau. Tanin in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake yi, kamar yadda dukawa ke baƙanta jemammiyar fata da kuloko, wato baƙin rinin da ake haɗawa da ƙarfe. Tiren ƙarfe mai tsatsa, tsohon bututun famfo, ko ruwan burtsatse mai ƙarfe, kowanne zai iya jawo shi, kuma in ya kama da wuya ya fita. Yi aiki da tiren roba da tataccen ruwa.

In hoton ajiya ne kake son ya daɗe, shayi ba ya kāre azurfa. Fara rina shi da seleniyam ko sepiya, sinadaran rinin hoto da ke kāre azurfar, ka wanke sosai, sannan shayin ya biyo baya.