Amsa: Fim ɗin da ke ba da labarin wani fim da ya watse

Malam, ka tambayi sunan fim ɗin barkwancin nan da ke nuna yadda aka shirya wani fim da ya zama abin dariya. The Disaster Artist ne, na 2017. James Franco ya ba da umarni, kuma shi ya fito a matsayin Tommy Wiseau, mutumin da ya yi The Room a 2003 da kuɗin aljihunsa.

Mun kalli The Disaster Artist a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, a kwamfuta, ana shan shayi. Inda muka fi yin dariya shi ne wajen da Tommy ya kasa riƙe 'yan kalmomi kaɗan. Ya fito ta ƙofa, ya manta, ya koma, har ma'aikatan suka haddace maganar suna faɗa masa. Wani abokinmu mai ɗaukar bidiyon biki sai da shayi ya sarƙe shi.

Ga shi kuma Tommy bai yi hayar kyamarori ba kamar kowa, saye ya yi, yana ɗauka da iri biyu lokaci guda. Ni dai har tausayi ya ba ni. Shawarata, fara kallon The Room tukuna, sai dai ban da gaban yara.