Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tsuntsayen Fafin Suke Gwara Baki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wasu tsuntsaye masu baƙin baya da farin ƙirji da jan baki, waɗanda ake kira fafin, biyu suna ta gwara baki, sauran sun kewaye su suna kallo. Faɗa suke yi? Kuma ana samun su a Filato? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, abin da kika gani gaisuwa ce tsakanin namiji da macensa. Fafin yana shafe mafi yawan shekara a kan ruwan arewacin Tekun Atlantika, ba ya hawa tudu sai lokacin saka ƙwai, wajen Afrilu zuwa Agusta, kuma galibi yakan koma ramin sheƙarsa da ya bari bara, ya tarar da abokiyar zamansa ta bara. Gwara bakin nan shi ke sabunta zaman, maƙwabta kuwa sukan taru a kansu kamar 'yan kallon kamun amarya.

Faɗansu yana da tasa alama. Wanda ya fusata yakan buɗa baki, ya kumbura jiki, ya ɗan ware fikafikai, in abin ya ƙazance su kama juna da baki har su gangaro daga tudu. Mai gadin rami yakan yi tafiya a miƙe yana ɗaga ƙafa a hankali, wanda kuma zai ratsa ta ƙofar wani yakan sunkuyar da kai ya wuce da sauri, don a san ba da rigima ya zo ba. A ganina wannan sunkuyawar ta fi gwara bakin ban sha'awa, domin ita ke ba dubban tsuntsaye damar zama a cunkushe.

Ƙwai ɗaya tak macen take sakawa, su biyun su yi karɓa-karɓar kwanci wajen kwana 40. Son zamansu cikin taro ya kai ga cewa a aikin da wani masanin tsuntsaye, Stephen Kress, ya fara a 1973 don dawo da su wani tsibiri a jihar Maine ta Amurka, sai da aka kafa fafin na katako don jawo na gaske, aka kuma samu suka yi ƙyanƙyasa a 1981.

Babu su a Filato. Mafi yawansu a ƙasar Iceland suke ƙyanƙyasa. Amma idan lura da halayyar tsuntsaye kike so ki koya, cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis tana dajin Amurum, kusa da Jos.