Amsa: Ɗiban ruwan ƙashin baya yana gurgunta yaro?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗiban ruwan bayan yaronka zai gurgunta shi, kamar yadda ake faɗa a ƙauyukanmu na Jigawa. A'a. Allurar a ƙugu take shiga, ƙasa da inda laka ta ƙare, don haka ba ta taɓa lakar.

Ana ɗiban ruwan ne don a gano ko sanƙarau ne, kuma wane iri. Ruwan mai lafiya garau yake. In sanƙarau na bakteriya ne, sai ya gurɓace, fararen ƙwayoyin jini da furotin su yi yawa, sukarinsa ya faɗi ƙasa. In bairos ne, galibi sukarin bai taɓuwa. Har tarin fuka da ya hau ƙwaƙwalwa na'urar GeneXpert kan gano a ruwan. Da haka likita ke sanin maganin da ya dace.

Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a bazarar nan ba abin jinkiri ba ne. Ka amince a ɗiba yau. Allah ya ba shi lafiya.