Tambayi Bakanike: Wankin lagireto da irin ruwan da ya kamata a zuba masa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan abu ɗaya suke, zafin inji da ruwan lagireto, kuma ban yi mamaki ba tunda bazara ta kankama, motar da ta lallaɓa ta wuce hunturu lafiya daga Maris zuwa Mayu take tona wa mai ita asiri. Na tsamo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Salam Malam barka da aiki. Dan Allah ina da Corolla 'yar Kwatano shekara uku kenan a hannuna, tunda na saye ta ruwan burtsatse nake zuba mata wani lokacin kuma fiya wata in ina kan hanya, to shekaranjiya da safe na buɗe murfin lagireto sai na ga ruwan ya koma ja kamar na kududdufi har da wani laka-laka a jikin murfin, yaron gareji ya ce in kawo a zuba omo a wanke ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ya ake wankin nan ne, kuma zan iya yi da kaina a gida? Daga mai bibiyarka a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da hankalin naka bai kwanta ba. Jan nan da ka gani tsatsa ce, duk wani ƙarfe da ruwan yake bi ta cikinsa ya fara cinyuwa, ga kuma ruwan burtsatse da gishirin ƙasa a cikinsa, leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin abin nan da yake maƙalewa a gindinta, to irinsa ne yake taruwa a hanyoyin lagireto waɗanda sirara ne ƙwarai ba sa buƙatar datti mai yawa kafin su toshe. Omo kuma ka manta da shi, kumfa zai cika ko'ina ka wuni kana ɗauraya bai gama fita ba, kuma ba ya shiri da alminiyom wanda da shi aka yi lagireton motocin yanzu.

Za ka iya yi a gida, ba wani aikin a zo a gani ba ne, haƙuri kawai yake so da kamar rabin wuni. Ka fara da safe inji na sanyi, mota a wuri mai daidai, ka tura baho a ƙarƙashinta. Buɗe murfin sama, sannan ka laluba ƙasan lagireton ta ɓangaren inji akwai wani ɗan makunni na roba mai kunnuwa, shi za ka kwance a hankali don in ya tsufa karyewa yake, in ya ƙi kada ka yi masa dole, cire tiyon ƙasa kawai ruwan zai zubo. Idan ya gama tsiyaya ka mayar, ka cika da ruwa mai tsabta, ka murɗa hitar cikin mota zuwa ƙarshen zafi don ita ma tana da ɗan ƙaramin lagiretonta a bayan dashbod kuma datti na kwanciya a can, ka tada mota ka bar ta a silo, wato tana aiki a tsaye ba a taka totur ba, minti 10 zuwa 15 har sai tiyon sama ya yi zafi. Kashe, je ka sha shayi ka dawo bayan ta huce, ka sake zubarwa. Haka za ka yi ta maimaitawa sai ruwan ya fito garau, wata motar sau biyu ya isa wata sai sau biyar, dalili kuwa duk zubarwar da ka yi ba duka ruwan ke fita ba, wani kaso mai yawa yana nan kwance a cikin inji. Irin taka da ta yi laka ka sayi maganin wankin lagireto na kwalba a wajen masu kayan mota, ka bi abin da aka rubuta a jikinsa, ka yi zagayen farko da shi. Jarkar robar nan ta gefe ma ka ciro ta ka wanke, in ba haka ba ita za ta mayar maka da dattin. Sai ka dubi fuskar lagireton ta waje, ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji duk suna liƙewa, ka wanke da tiyo mai ruwa a hankali, kada ka bari masu wankin mota su sa mata injin nan mai ƙarfi don lanƙwasa siraran fikafikan yake iska ta daina wucewa.

Yanzu zubawa. Kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman da ya kamata a zuba wa lagireto maimakon ruwa zalla, iri biyu ne a kasuwa, akwai wanda aka riga aka sirka shi ka zuba kawai, akwai kuma tsura wanda kai za ka sirka rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda masu cajin batir suke sayarwa, amma ka faɗa musu tataccen ruwa kake so ba asid ba. Ƙananan motoci irin taka suna cin lita 5 zuwa 7 gaba ɗaya. Tunda ruwan ɗauraya ya rage a cikin inji, ni abin da nake yi in na samu tsura shi ne in fara zuba kamar lita 3 nasa, sannan in ƙarasa cikawa da tataccen ruwa, su haɗu a ciki. Ka zuba da mazurari a hankali ba ɗurawa ba, ka bar murfi a buɗe ka tada mota hita na kunne, za ka ga kumfa na tasowa ruwan yana sauka kana ƙarawa, ka riƙa ɗan matsa tiyon sama amma ka kiyayi fanka da bel. In kumfa ta daina fanka ta tashi ta tsaya, rufe murfi, cika jarkar gefe zuwa tsakanin layuka biyun nan, washegari da safe ka sake dubawa ka ƙara.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, tsohon ruwan da sabon kulan ɗin duka kada ka bar su a inda yara ko awaki ko kyanwa za su kai baki. Zaƙi ne da shi ga launi mai kyau kamar lemo, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Kada a juye ragowar a gorar lemo, kada a zubar kusa da rijiya.

TAMBAYA: Oga ni direban Sharon ne ina lodin Kano zuwa Jos. Mu dai a tasha abin da muka sani kulan na ƙasashen ƙanƙara ne mu nan ina ruwanmu da shi, kuma duk motar da ta shigo abu na farko a cire tamostat a haɗa fanka dairek, tawa ma haka aka yi mata kuma ba ta taɓa zafi ba. To meye laifinmu?

AMSA: Direba sannu da hanya. Gaskiya ne ɗaya daga cikin aikin kulan shi ne hana ruwa daskarewa kuma wannan bai dame mu ba, amma aikinsa uku ne, sauran biyun mu suka fi shafa. Yana hana tsatsa, kuma yana ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, kai da kake hawa Jos ma bai kai haka ba, wajen 96 ne saboda tudu, shi kuwa rabi da rabi sai wajen 107, in murfin lagireto mai kyau ya danne shi kuma sai ya haura 120 bai tafasa ba. Shi ya sa nake cewa murfin nan ba marufin tulu ba ne, akwai sifirin da roba a jikinsa da lamba kamar 0.9 ko 1.1, in robar ta tsage mota za ta riƙa amai da ruwa a gosulo kai kana ta zargin fanka. A taka motar murfin yana kan jarkar ruwan ne ba kan lagireto ba, aikin dai ɗaya ne.

Batun tamostat kuwa mun daɗe muna wannan rigimar da abokan sana'ata kuma har gobe ban yarda ba. Ƙofa ce kawai, tana rufe inji ya yi saurin ɗaukar ɗumi, ta buɗe in ya kai wajen digiri 80 da wani abu. An ƙera inji ne ya yi aiki a kusan 90, ba a sanyi ba. In ka cire ta kuma fanka na ta gudu tun daga kunna makulli, da asuba a hunturu injinka ba zai kai zafinsa ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu sanyi ake ta yi ta ƙara mai, ga baƙin mai na saurin lalacewa, ga fankar da aka yi ta don ta huta tana aiki ba hutu har ta ƙone wata rana a tsakiyar hanya. Ka ce ba ta taɓa zafi ba, na yarda, amma ka lissafa man da kake sha? Tamostat da ta maƙale canza ta ake yi, kuɗinta bai kai na man lodi ɗaya ba, in ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka tafi da tsohuwar ko lambar injin. Mafi yawan motocin da ake cire wa ita dama lagiretonsu ne a toshe, an bar jaki ana dukan taiki.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ranar Asabar ina hanyar Kaduna daga Zariya allurar zafi ta haura ja tururi ya fara fitowa ta gaba, na tsaya mutane suka taru wani ya kawo tsumma zai buɗe murfin wani yana cewa a kwara wa injin ruwan sanyi, ni dai tsoro ya sa na hana. Na yi daidai? Kuma kulan ɗina ja ne, in ban samu ba zan iya ƙara kore?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, kin yi daidai wallahi, tsoron nan ya yi rana. Ruwan da ke ciki a lokacin ya wuce digiri 100 murfin ne kawai ya danne shi, ana buɗewa zai yi tsiri sama ya sami fuska da hannu, tsumma ba ya tare shi. Kwara ruwan sanyi a inji mai zafi kuma yana iya tsaga kan silinda. In ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, ki kashe esi ki gangara gefe ki kashe mota, in tururi ya lafa a ɗaga bonet, a jira aƙalla minti 30 har sai ana iya riƙe tiyon sama da hannu kuma ya yi laushi. Sannan a buɗe a hankali. A irin wannan halin ko fiya wata aka samu a zuba, inji da ruwan leda ya fi inji ba ruwa, in kin isa gida a nemo inda yake yoyo a sake sabon kulan. Kada ki yarda a fasa miki ƙwai ko a zuba garin barkono wai a toshe yoyo, har inda ba a so yake toshewa.

Launi kuwa rini ne kawai, ba shi ke nuna irin sinadarin ba, ja biyu ma suna iya bambanta. Ki duba abin da littafin motarki ya ce ki tsaya a kansa, gauraya iri biyu yana rage ƙarfin maganin tsatsar wani lokacin ma ya yi kauri kamar kunu. In ba ki samu irin naki ba tataccen ruwa kaɗan ya fi. Koren nan na da duk shekara 2 ake canza shi, masu dogon zango suna kai shekara 5.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe an wanke min lagireton 406 ɗina an zuba sabon kulan amma tun daga ranar allurar sai ta hau ta sauka, hita kuma iska mai sanyi take bayarwa. Ko gasket ne?

AMSA: Kafin ka tsorata, alamun nan biyu na iska ne da ta maƙale a ciki. Fijo 406 tana da ƙananan sukurori na fitar da iska, wanda bai saba da ita ba sai ya cika ruwa ya rufe ya ce an gama. Ka koma a buɗe su ɗaya bayan ɗaya ana zuba ruwa har sai ya fito ba kumfa, tsofaffin masu gyaran Fijo na Kaduna har gora suke yankewa su kafa a bakin jarkar don ruwan ya samu tsayi ya koro iskar. In an yi haka sau biyu kumfa ba ta daina ba, to ka zaro gejin baƙin mai ka duba ko ya koma kamar shayi da madara, ka tsaya bayan salansa ka ga ko farin hayaƙi mai kauri na fita bayan mota ta yi zafi, ka lura ko ruwa na raguwa kullum alhali ƙasa a bushe. In ka ga biyu daga ciki to alamar gasket ɗin ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ka ajiye motar ka kira bakanike ya zo inda take, kada ka tuƙa ta zuwa gareji.