Hukuncin ƙetare tekun Atlantika a jirgin da mutum ya mayar gidansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a ƙasar Sifen, na sayi jirgin ruwa na hannu irin wanda iska ke turawa, tsawonsa mita 12. Ni da maiɗakina mun saki gidan haya mun tare a cikinsa. Muna shirin tashi daga Las Palmas, garinmu da ke tsibiran Kanari na Sifen, mu ƙetara zuwa tsibiran Karibiyan, daga nan mu yi ta zagayawa shekara ɗaya ko biyu. Yayana ya ce wannan jefa kai ne cikin halaka. Shin haka ne? Kuma yaya za mu yi da salla da ƙasaru, da inshorar da ake tilasta mana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Hawa teku a asalinsa halas ne. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da abokan hijirarsa a jirgi suka je Habasha, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi farin ciki da aka nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawa teku kamar sarakuna a kan karagu. Sai dai halascin yana da sharaɗi. Shehu Halilu a cikin Mukhtasar, a babin Hajji, ya ce teku kamar tudu take, sai fa idan halaka ta fi rinjaye, ko kuma mutum zai tozarta wani rukuni na salla saboda jiri da makamancinsa. To idan Hajji da yake farilla an ɗora shi a kan wannan ma'auni, ina ga tafiyar ganin dama? Saboda haka maganar yayanka tana iya zama gaskiya, tana iya zama kuskure, kuma shirinka ne zai raba gardamar.

Mu fara da lokaci. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wanda ya hau teku lokacin da take hauka ya mutu, ba shi da wani alƙawarin tsaro a kan kowa. Lokacin manyan guguwa a arewacin Atlantika sananne ne, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, shi ya sa ayarin ƙananan jirage da ake kira ARC, wanda ke tashi daga garin da kake tun 1986, ba ya barin tasha sai ƙarshen Nuwamba. Fita a Agusta ko Satumba, a irin jirginka, ban ga halascinta ba.

Sai jirgin kansa. Daga Las Palmas zuwa Sen Lusiya, ɗaya daga tsibiran Karibiyan, kusan kilomita 5,000 ne, tafiyar da kan ci wajen mako uku, kuma a tsakiyarta babu bakanike, babu asibiti. Ka ce na hannu ka saya. Wajibi ne ka kira masani ya duba maka shi, a ɗaga shi daga ruwa a ga ƙasansa, a duba wayoyin ƙarfen da ke riƙe da doguwar sandar tsakiya, da duk wata kafa da bututu ya ratsa jikin jirgin, da abin juya akalarsa. Ka tanadi kwalekwalen ceto da ake hurawa, da rigunan hana nitsewa masu igiyar ɗaurewa, da na'urar da ke aika kiran agaji ta tauraron ɗan'adam, da akwatin magani, da ruwan sha a jarkoki daban da na tanki, don injin tace ruwan gishiri yana lalacewa. Na ce wajibi da gangan, domin abin da tsare rai ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Annabi Nuhu da wahayi aka umarce shi ya sassaƙa jirgi kafin ya ce "Bismillahi majreha wa mursaha". Ina yawan jin mutane suna cewa ai ajali ɗaya ne. Haka ne, amma wanda ya zo da taguwarsa an ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayarka shi ne ku biyu ne kawai. A Muwaɗɗa an ruwaito cewa matafiyi ɗaya shaiɗani ne, biyu shaiɗanu biyu ne, uku su ne ayari. Malamai sun ɗauki wannan a kan karhanci, kuma hikimar a teku a fili take. Jirgi ba ya tsayawa da dare, dole wani ya zauna gadi, in ɗayanku ya kwanta ciwo ɗayan ba zai yi mako biyu ba barci ba. Ka nemi na uku, ya kasance muharraminta, don ɗakin jirgi ƙarami ne kuma kai ma za ka yi barci. Ita kuma maiɗakinka, sai da yardarta ta gaskiya, ba ta kunya ba, kuma ta koyi tuƙin har ta iya juyo da jirgi ita kaɗai in ka faɗa ruwa. Kafin tashi ka biya bashin da ya kai lokacinsa, ka rubuta wasiyya, ka nemi albarkar iyaye in suna raye.

Tsarki kuwa babu wahala a cikinsa. Wani ya tambayi Annabi (SAW) irin tambayarka, ya ce muna hawa teku da ruwa kaɗan, in muka yi alwala da shi za mu yi ƙishi. Sai ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushenta halas ne. Don haka alwala da wankan janaba da guga ɗaya na ruwan gishiri sun wadatar, kifin da kuka kama kuma ba ya buƙatar yanka. Ku ɗauki ɗan dutsen taimama saboda ranar rashin lafiya.

Salla a tsaye ake yinta matuƙar za a iya, ko da dafa wani abu ne. In igiyar ruwa ta hana, ko ana tsoron faɗawa, a zauna, kuma babu ramuwa. Alƙibla daga Las Palmas tana wajen digiri 85 daga arewa, tana raguwa har ta kai wajen 67 a Sen Lusiya, wato tunda yamma kuka nufa, galibi bayan jirgi za ku fuskanta. In jirgi ya juya kana cikin salla, ka juya ka bi alƙibla in zai yiwu. Lokutan salla kuma na inda kake ne, kada ka dogara da jadawalin Las Palmas, don kafin ka isa rana za ta yi jinkirin kusan awa uku. Ka dubi rana da idonka. Mai gadi da mai barci su tsara karɓa-karɓarsu yadda Asuba ba za ta kuɓuce ba. Juma'a ba ta hau kanku a teku ba. Idan kuwa gwaji ya nuna ɗayanku jiri yana kwantar da shi har ya kasa salla kwana da kwanaki, to sharaɗin Halilu na biyu ya faɗa kansa, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake son ku fara da gajeruwar tafiya tsakanin tsibiran da ke kusa da ku.

Game da ƙasaru akwai saɓani na gaske, don jirgin shi ne gidanka. Hanbaliyya sun ce matuƙin da iyalinsa ke tare da shi, ba shi da niyyar zama a wani gari, ba ya ƙasaru, domin bai bar gida ba. Malikiyya sun ce yana yi, Halilu ma ya ambaci matuƙin jirgi tare da iyalinsa da sunansa, in tafiyar ta kai mil 48, wajen kilomita 80. Wannan nake ba ka fatawa da shi. Amma a wannan jimlar tasa Halilu ya fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa, na biyun an karhanta masa ƙasaru. Ni ban ɗauki yawon ganin ƙasa da lura da halittar Allah a matsayin wasa ba, sai dai kai ka san niyyarka, ka gyara ta. Duk tashar da kuka saki anka da niyyar kwana huɗu cikakku, ku cika salla. Haɗa salloli biyu, a mashhurin mazhabarmu rangwame ne na tafiyar tudu kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta shi a teku, kuma ban ga laifi ba ku yi aiki da maganarsu a ranar hadari, lokacin da sakin sitiyari haɗari ne.

Saura inshora. Ibnu Abidin, wanda ya rasu a 1836, yana cikin malaman farko da suka yi magana a kanta, kuma a kan kayan jiragen ruwa ya yi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, ta taimakekeniya kuma halas ce. In ka sami takaful, wato inshorar taimakekeniyar, shi za ka yi. In ba ka samu ba, wadda doka ko tashar jirage ta tilasta, wato ta biyan ɓarnar da jirginka ya yi wa wani, ka yi ta gwargwadon tilascin, babu zunubi a kanka. Wadda ta wuce haka, ta jikin jirgin kansa, ka bar ta, ka ware kuɗin gyara a gefe.

Wallahu a'alam.