Muryar WhatsApp: Fim ɗin Tom Brown zai iya tsayawa a madadin littafin?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Malama, na saurari tambayarki, wato ko za ki iya nuna wa ɗalibanki fim ɗin Tom Brown's School Days kawai, tunda Turancin littafin ya yi musu tsauri kuma zangon ya kusa ƙarewa. To, gaskiya a'a, kada ki yi haka. Ki nuna fim ɗin, amma ba shi kaɗai ba, kuma ba da shi za ki fara ba.

Littafin dai Thomas Hughes ne ya rubuta shi, ya fito a 1857. Labarin makarantar kwana ta Rugby ce a Ingila, zamanin da Dokta Thomas Arnold yake shugabanta, daga 1828 zuwa 1842, kuma shi kansa marubucin a can ya yi karatu. Kashi biyu ne, kowanne babi 9. Ki riƙe wannan rabon da kyau, don a nan fim ya saɓa da littafi.

Babi 3 na farko duk a ƙauye ake, ba a ma shiga Rugby ba. Waɗannan ki taƙaita musu da baki, don a nan yara suke gajiya su ajiye littafin. Daga babi na 5 zuwa na 9 ne wuta take kamawa. A nan ake wasan ƙwallo, a nan ake cilla sababbin yara sama a cikin bargo, a nan kuma Flashman yake, siniyan nan azzalumi mai shekara 17. Shi ne ya sa aka gasa Tom a bakin murhu don ya ƙi sayar masa da tikitin cacar tseren doki. Duk wanda ya yi makarantar kwana a nan Kaduna ko Zariya ya san irinsa, siniyan da zai aike ka ɗebo ruwa, ka yi masa wanki, ya kuma hana ka kai ƙara. Ba abin mamaki ba ne, ai tsarin gidajen kwana da firifet da Turawa suka kawo Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta dawo Kaduna a 1938 kafin ta koma Zariya ta zama Barewa, daga irin waɗannan makarantun aka ɗauko shi.

To ga inda nake so ki kula. A littafin, Flashman bai kai rabin labari ba. A babi na 9 na kashin farko Tom da abokinsa East suka haɗu suka yi masa duka, daga baya aka kore shi saboda ya sha giya ya bugu har sai da aka ɗauko shi. Shi ke nan, an gama da shi. Kuma tafiyarsa ba ta gyara Tom ba. Tom ya ci gaba da karya doka, har shugaban makaranta ya fara tunanin sallamarsa shi da East.

Sai a kashi na biyu George Arthur ya zo, yaro siriri mai rauni, maraya, aka damƙa shi a hannun Tom. Daren farko ya durƙusa a bakin gadonsa yana addu'a, yara suka yi ta dariya, wani ya jefe shi da silifa, Tom ya ɗauki takalminsa ya jefi wanda ya yi jifan. Daga nan kunya ta kama Tom, don shi ya daɗe da daina tasa addu'ar saboda tsoron dariyar mutane. Bayan Arthur ya tashi daga zazzaɓin da ya kusa kashe shi, abin da ya roƙi Tom shi ne ya daina amfani da littattafan satar amsa. Sai a babi na 8, ranar wasan kurket na ƙarshe, wani malami ya faɗa wa Tom cewa da gangan Dokta Arnold ya haɗa su, don nauyin kula da wani ya sa shi ya nutsu. Wannan shi ne zuciyar littafin, Malama.

Fim kuwa ba zai iya sakin mugunsa a tsakiya ba, mai kallo zai tashi. Ki duba na 1951, wanda John Howard Davies ya fito a Tom, Robert Newton kuma a Dokta Arnold. An ja Flashman har kusan ƙarshe, an haɗa shi zamani ɗaya da Arthur, alhali a littafi ba su taɓa haɗuwa ba. Sai labarin ya koma na yaron kirki da ya yi galaba a kan azzalumi. An kuma faɗaɗa rawar Arnold, wanda a littafin daga nesa ake hango shi, yawanci a kan mumbarin coci. Akwai na 1940, akwai na talabijin na 2005 da Stephen Fry a matsayin Arnold, amma ki tsaya a kan guda ɗaya, kada ki rikita su.

Abin da yake faruwa in an fara da fim, ɗalibi zai rubuta miki a jarrabawa cewa Flashman ya zalunci Arthur, ko kuma korar Flashman ce ƙololuwar labari. Duka biyun kuskure ne in littafi ake tambaya, kuma abin da ido ya riga ya gani yana da wuyar gogewa.

Don haka ga yadda za ki raba. Mako na farko su karanta babi na 5 zuwa 9. Mako na biyu kashi na biyu, babi na 1, na 6 da na 8, ko da a aji ne ki karanta musu da ƙarfi kina fassara wuraren da suka yi wuya. Sannan a kalli fim, ki raba shi zama biyu tunda ya kai kusan awa ɗaya da rabi, ki kuma sauke shi tun a gida ki caja kwamfutar saboda wutar NEPA. Kowa ya riƙe takarda mai layi biyu, abin da aka cire da abin da aka ƙara. In an gama ki tambaye su abu ɗaya: a littafi wa ya canza Tom, a fim kuma wa ya canza shi?

Allah ya taimaka, Malama. In kin zo kan babin zazzaɓin ki yi min magana, akwai wurare biyu masu nauyin Turanci da zan nuna miki.