Amsa: Raba taragun ƙaramin jirgin ƙasa da hannu

Malam, ka tambayi yadda za ka raba taragun ƙaramin jirginka na wasa ba tare da ɗaga su daga dogo ba. Idan maƙalan da ke haɗa taragun na kamfanin Kadee ne, a sikelin HO (1:87, wato jirgin gaske ya ninka shi tsawo sau 87), tsinken tsire ya wadatar, irin na masu nama a Tudun Wada, sai dai ka wanke maiƙonsa, ka fiƙe bakinsa. Ka ɗan matsa taragun su haɗu domin maƙalan su yi sako-sako, sannan ka soka tsinken daga sama tsakanin haƙoran maƙalan biyu da suka kama juna, ka murza a hankali kamar mai buɗe kwado. Idan sun ƙi rabuwa, galibi ƙurar hunturu ce. Ka share ta da busasshen buroshi, kada ka ɗiga mai, domin ƙura yake tarawa.